Gidan da Inna Take Nufi

Largo, Maryland
3 ga Oktoba, 2023

Yaya Barau,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da iyali da jikoki da dukan mutanen Tudun Gamji. Yaya ƙafar? Ba zan tambayi kunnen ba, na san amsar, tun da shi ne ya sa har yau nake zaman rubuta wasiƙa da biro kamar 'yar makarantar kwana alhali duniya duk ta koma waya. Zan ɗauki hotonta in tura wa Fasto. Ranar da ya shiga Malumfashi ya sami sabis sai ya buga maka ita a takarda. Allah ya sa kada ta daɗe a hanya.

Mu nan lafiya, sai godiya. Maigidana Davou yana gaishe ka. Raymond ya shiga jami'a, ya yi tsawo har yana sunkuyawa a ƙofar kicin, kuma har yanzu in ka yi masa Hausa sai ya ji sarai ya amsa maka da Turanci.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Ta faɗi a banɗaki cikin watan Agusta, tun daga nan ba ta sake takawa ba. Abinci ma ta daina. Na tuƙa tuwo, na yi miyar kuka da daddawar da ka aiko, ta shinshina ta ce ta gode. Kunu kaɗai take karɓa, shi ma sai daga hannun Ajara, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi da nake ba ka labari. Musulma ce, amma ita ce ƙawar Inna a ƙasar nan, don ita kaɗai ke zama su yi hira da Hausa in na tafi aiki. Inna tana yi wa Hausarta dariya, ita kuma tana ce mata "Maame", wato uwa a bakin mutanen Ghana.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne Lahadi. Ka san Inna da coci. Shekara goma sha takwas tana zuwa cocin Turawan nan da ke bayan layinmu, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ba ta taɓa fashi ba. Ko ƙanƙara na zuba sai ta ɗaura zanen Zumuntar Mata a kan rigar sanyi ta ce mu tafi. Inda duk mai wa'azi ya ja numfashi sai ta ce "Amin!" da ƙarfi, ko da sanarwar ajiye motoci yake yi. Da ina jin kunya, daga baya su da kansu suka saba. To, Lahadin da ta wuce na ce mata, "Inna, yau Lahadi," sai ta ce, "Ku je ku dawo." Na shiga banɗaki na yi kuka.

Yanzu maganarta ɗaya ce kullum, gida. Da safe gida, da yamma gida. Likita ya kira mu ni da Davou ya ce babu abin da ya rage su yi mata a asibiti, mun dawo da ita ɗakinta.

Yaya, Inna ta kusa tafiya gida. Ba na jin Kirsimati za ta same ta a nan. Ka shirya, ka kuma gaya wa 'yan Zumuntar Mata su shirya, don ka san ba za ta yafe mana ba in ba su yi mata waƙa ba.

Ku sa mu a addu'a. Na gaji ƙwarai.

Ƙanwarka,
Rahila


Tudun Gamji
28 ga Oktoba, 2023

Auta,

Alheri da salama su kasance tare da ku. Muna lafiya. Ƙafa tana nan tana aikinta na ciwo, kunne kuma ya yi ritaya kamar mai shi. Damina ta yi kyau, ana yankan dawa. Ki gaida Davou, ki gaida dogon ɗanki, ki ce masa kawunsa tsohon hedimasta ne, in ya zo nan da Turanci zai sha gyara.

Takardarki ta yi kwanaki a wayar Fasto kafin ta iso hannuna. Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Rahila, ashe za ki dawo mana da ita! Na san ba lafiyayya za ki kawo ba, ni ba yaro ba ne, na gane abin da likitanku yake nufi. Amma ko mako ɗaya ta yi a ɗakinta ya ishe ni. Wata shida kika ce za ki are ta, ta yi miki wankan jego. Jaririn yau yana jami'a. Sau ɗaya tak ta leƙo mu a tsakani, shi ma kina tsaye a kanta da tikitin komawa. Na daɗe ina riƙe da ke a kan wannan, yau na sake ki.

Ga abin da na yi. Na kwashe buhunan masara daga ɗakinta, an sa sabon kwano, an shafe ƙasa da siminti. Na sayi katifa mai taushi, ko da yake na san za ta ce a mayar mata da gadonta na kara. Na gaya wa 'yan Zumunta ranar Lahadi, ban gama rufe baki ba suka ɓarke da guɗa a cikin coci, har ni kurma na ji. Yanzu kowace Talata da Asabar suna koyon waƙoƙin taryarta. Rabinsu ba su taɓa ganinta ba, yara ne lokacin da ta tafi, amma babu wadda ba ta san tulunta ba. Yana nan a kusurwar coci inda ta bar shi. Tun da ta tafi an sayi ganguna, an sayi na'urar kiɗa mai lantarki a garin da babu lantarki, amma ba wadda ta yi ƙarfin halin buga tulun Saratu.

Ke auta ce, kin same ta ta riga ta yi laushi. Ni na san ta da sauran zafinta. Ita ce mace ta farko da aka yi wa baftisma a gidan kakanmu, kuma ranar ya watso mata kayanta waje, ta kwana uku a kicin ɗin malamin mishan. Ta koyi karatu tana budurwa don Maganar Allah kawai, ban taɓa ganin ta karanta wani abu ba, ko takardar sakamakon jarrabawata sai ta ce in karanta mata. Da cikina ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin cocinmu na farko, daga rafi, a ka. Da ba mu da ƙararrawa ita ta samo tsohon ƙarfen tayar mota ta rataye a bishiya, tana buga shi da asuba har maƙwabtanmu Musulmi suna cewa Saratu ta riga ladan. Fastoci nawa ta koya wa gajarta wa'azi? Tari ɗaya za ta yi daga bencin mata, sai ka ji an ce, "A ƙarshe, 'yan'uwa."

Mu tara ta haifa, ta binne huɗu, ta binne Baba, duk a ƙarƙashin ɗorawar nan ta bayan coci. Ban taɓa ganin ta yi kuka a bakin kabari ba. Sai bayan kwana biyu in tana daka, ka ga hawaye na zuba cikin turmi, in ka yi magana ta ce barkono ne. Akwai fili kusa da Baba, ta nuna mini shi da sandarta lokacin da ta leƙo. Ba na son rubuta wannan, amma hankalina ya kwanta yanzu da na san ba zai zauna banza ba.

Maganar hanya. Ku sauka a Kano, kada ku kuskura ku taso sai gari ya waye sosai, kin san yadda hanyoyinmu suka zama. Zan samo mota wadda kujerarta ke kwantawa. Ki rubuto mini ranar.

Ki sunkuya kusa da kunnenta ki ce mata Barau ya ce ta sha kunu, ta riƙe ranta da kyau. Shekarata saba'in da ɗaya, amma kwanakin nan sai in sami kaina a ƙofar gida ina kallon hanya, kamar lokacin da take dawowa daga kasuwar Kafur da ƙosai a gefen zane.

Jibi Fasto zai shiga gari, zai tura miki wannan.

Yayanki,
Barau


Largo, Maryland
31 ga Oktoba, 2023

Yaya Barau,

Ina gaishe ka. Ban san yadda zan tambayi lafiyarka ba. Mu muna nan da rai.

Na san yanzu Fasto ya riga ya kawo maka labarin, don na ga saƙonnina sun shiga wayarsa a daidai lokacin da wasiƙarka ta shigo tawa. Inna ta rasu ranar Alhamis, sha biyu ga wata, da hantsi. Ina riƙe da hannunta, Ajara tana shafa mata ƙafa. Ba ta sha wahala ba. Na kira Fasto har na gaji, na kira duk wanda na sani a Malumfashi da Funtuwa, aka ce ba mai shiga wajenku yanzu saboda hanya. Gidan ajiyar gawa suna ta tambayata me muka yanke. Na jira iya jirana. Mun binne ta ranar Asabar, a wata maƙabarta da ba ta da nisa da mu. Na duba kwanan watan da ke kan wasiƙarka, ranar ce kake zaune kana rubuta mini maganar katifa.

Yaya, me ka yi mini haka? Kai dattijon ikilisiya ne. Jana'iza nawa ka tsaya ka ce wane ya tafi gida? Ba haka muke faɗa ba? Na kasa rubuta kalmar mutuwa a kan uwata tana numfashi a ɗaki na kusa, shi ya sa na faɗa maka da harshen coci, na ɗauka babu wanda zai fi ka ganewa. Na karanta wasiƙarka a tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Largo, ina kan hanyar zuwa aiki. Da na kai wurin guɗa sai na zauna a ƙasa, wata Baturiya tana tambayata ko ta kira motar asibiti.

Bari in gaya maka yadda aka yi, hakkinka ne. Mutanen cocin sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sun cika, sun kawo furanni, mai wa'azin ya ce ba za su ƙara jin Amin irin tata ba, aka yi dariya, aka yi kuka. Sunanta dai har aka gama bai faɗe shi daidai ba. Raymond ya tashi ya yi magana a kan kakarsa, yadda take dasa yakuwa a bokitai a bayan gida, yadda take ɗora masa hannu a ka kafin ya tafi makaranta tana addu'a har bas ta wuce shi. Ya yi magana mai kyau, amma da Turanci, da tana ji da ba ta gane ko ɗaya ba. Ajara ta tsaya daga can baya da mayafinta, ita ta fi kowa kuka.

Na shimfiɗa zanen Zumuntarta a kan akwatin. A bakin kabari na ce ba za a sauke ta babu waƙar Hausa ba. Na ɗauko wadda ta fi so, na yi layi biyu muryata ta karye. Davou ya karɓa, da Hausarsa ta Jos. Mu biyu ke nan, iska tana kwashe muryarmu, masu aikin maƙabarta suna tsaye suna duba agogo. Matar da ta yi shekara sittin tana yi wa gawar wasu waƙa, abin da ta samu ke nan.

Na fara wasiƙar nan da fushi, amma ba fushin ne ya hana ni sakat ba. Tun da na karanta taka wani abu ya shige ni. Kai ka ji "gida" ka ɗauka Tudun Gamji. Ni na ji "gida" na ɗauka sama. Bakin Inna kuwa kalmar ta fito, ba nawa ba. Wata biyu tana faɗa, ni kuma ban taɓa tambayarta wanne ba. Ban ga abin tambaya ba. Tsohuwa mai shekara casa'in da wani abu, mai waƙoƙin sama a baki tun kafin a haife ni, wane gida kuma za ta nufa? Haka na ce wa kaina. Da na san ƙauye take so, a watan Agusta tana iya zama a kujera, likita ma bai hana tafiya ba a lokacin.

Kai ka fi ni saninta, kai ka faɗa. Don Allah ka gaya mini, wane gida Inna take nufi?

Ƙanwarka,
Rahila


Largo, Maryland
14 ga Janairu, 2024

Yaya,

Barka da sabuwar shekara, in akwai barka a cikinta. Ina fata ƙafar da sauƙi. Ni hawan jini ya taso mini, an ƙara mini magani.

Fasto ya ce ya ba ka wasiƙata hannu da hannu tun watan Nuwamba. Ya ce kana fita, kana zuwa coci, kana cin abinci. To shirun na mene ne? In zagina za ka yi ka zage ni a takarda, zan karanta. Mu biyar muka rage, uku ba su iya riƙe biro don kowa ba, kai kaɗai nake da shi.

Na je wurinta jiya. Ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai da na yi ta share duwatsun mutane da hannu kafin na gane nata. Inna da ke sa safa biyu a watan Yuni.

Ban taɓa komai a ɗakinta ba. Ka amsa mini tambayata.

Rahila


Tudun Gamji
2 ga Maris, 2024

Rahila,

Salama. Muna nan. Zafi ya fara, ƙafa ta kumbura, ban da wannan babu abin faɗa. Ki riƙa shan maganinki.

Ban rubuto ba don ba ni da abu mai kyau da zan rubuta, kuma Inna ta hana mu magana da ciki cike da fushi. Na fara sau da yawa ina yagawa.

Ranar da Fasto ya dawo daga gari ina zaune a bencin baya na coci, 'yan Zumunta suna gwada waƙar tarya bayan sujada. Ba na jin su, kallonsu nake yi. Na ga ya shigo bai ko kafe babur da kyau ba, ya je ya yi wa shugabarsu magana a kunne. Na ga bakuna sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan duk suka juyo suna kallona. Haka na ji mutuwar uwata, da ido. Ni da na tara su, na sa su guɗa, na sa mata masu goyo suna baro gona da rana don koyon waƙa. Ba wadda ta yi mini dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi.

Mun yi mata sujadar tunawa a ƙarƙashin ɗorawa. Sun sa zanensu, sun yi waƙoƙin da suka koya, don ba su da wasu a shirye. Waƙar maraba aka yi wa fili. Ɗakin na rufe shi, masara tana zaure ɓeraye suna ci, na kasa mayar da ita.

Maganar binnewa, ban riƙe ki ba. Kin kira, ba a same mu ba. Ba ke kika lalata hanya ba, ba ke kika toshe mini kunne ba. Na yi fushi, na gama. Shekara goma sha takwas ke kika yi mata wanka, kika yanke mata farce, ni ina nan ina aika daddawa.

Tambayarki kuwa, na juya ta har na gaji, ba ni da amsa. Inna tana faɗin duka biyun. Ranar da Baba ya rasu cewa ta yi ya riga mu gida. Ranar da za ta hau mota zuwa wurinki kuma ta ce mini in kula mata da gida kafin ta dawo. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san wanne ne a ranta ba.

Amma shekara talatin da biyar na yi ina koya wa yara cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, a duba abin da ke gabanta. Ke kin rubuto mini cewa maganarta ɗaya ce, gida. Ba ki gaya mini yadda ta faɗa ba. Mai zuwa wurin Allah cewa yake yi zai tafi. Ba ya roƙon kowa, don ya san ba a rakiya. In "zan tafi gida" ta ce, to ki kwanta ki yi barcinki, ni ne tsohon da ya karanta abin da yake so ya gani. In kuwa wani abu ta ce daban, kada ki rubuto mini. Ki bar shi a wurinki. Na ɗauki abin da zan iya.

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayanki,
Barau


Largo, Maryland
20 ga Maris, 2024

Yaya Barau,

Ina gaishe ka, ina gaida kowa. Jikina da sauƙi.

Ka ce kada in rubuto. Na yi ƙoƙari. Na ce wa kaina wataƙila ban tuna daidai ba, mutum a gajiye yana iya jin abin da ba a faɗa ba. Har na je na tambayi Ajara, don ita ma tana wurin kullum. Na ce, "Ajara, yaya Maame take faɗa?" Ta sunkuyar da kai ta ce ruwan shayinta yana wuta.

Ka yafe mini, ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba, uwarmu ce mu biyu.

Kowace safiya in na shiga gyara mata kwanciya sai ta kama mini hannu ta ce, "Rahila, ki kai ni gida." Ni kuma in shafa kanta in ce, "Yesu zai kai ki, Inna, kada ki ji tsoro." Sai ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To," ta juya fuskarta bango.

Na ɗauka ta yarda ne.

Ƙanwarka,
Rahila